Kasake Shida da Na Tattake a Bayan Rumbu

Ni ne na yi laifi, kuma ina sane na yi shi. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa gaggawa ce irin ta mai kishin addini, amma ba haka ba ne. Na jingina wa kakata shirka a gaban baƙi da gaban 'ya'yana, alhali na san abin da na gani a bayan rumbunta ba tsafi ba ne. Na san shi tun ina ɗan shekara shida, don da hannuna na taɓa yin irinsa.

Sunana Mamman. Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai wuce aji shida ba, daga nan na faɗa kasuwa, yanzu ina sayar da kayan babur a Dogondutsi. An haife ni a wani ƙaramin ƙauye cikin ƙasar Dumega. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, sai kakata ta wajen uba, Inna Hajo, ta ɗauke mu ni da yayata Kulu. A bayanta na yi wayo, a ɗakinta na yi ƙyanda, kuma duk abin da na sani game da daji daga bakinta na ji shi.

Lokacin sanyi, in an gama tuwo bayan magariba, Inna ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan jawo guntayen ice biyu ta haɗa kawunansu, ta shimfiɗa tsohuwar tabarmarta, ta miƙe ƙafafu wajen garwashi saboda gwiwoyinta. Mu kuma mu kewaye ta, ni da Kulu da 'ya'yan maƙwabta, wani lokaci mu kai goma. Amma ba a zama a wutar Inna hannu banza. Kowane yaro sai ya zo da wani abu daga daji, ganye ko saiwa ko ɓawo ko ɗan ice. Wanda ya manta, sai ya koma bakin darni ya tsinko ko ciyawa ce.

Ba ta fara faɗin sunan abu. Takan murtsuke ganyen a tafin hannu ta kai wa yaro hanci.

"Rufe ido. Mi ka ji?"

"Wari, Inna."

"Wari iri nawa ne duniya? Kai ma kana wari, kwana biyu ba ka ga ruwa ba. Warin mi?"

Haka muka koyi raba tafasa da rai-ɗore, ɗaya kan ganyensa a zagaye, ɗaya da tsini da wari mai hawa kai. Muka san ganyen kalgo mai kama da sawun raƙumi. Muka san wanda ya karya tumfafiya ba ya taɓa ido sai ya wanke hannu, don nononta ba ya wasa. In yaro ya kawo abin da ita ma ba ta sani ba, takan juya shi a hasken wuta ta ce, "Wanga ya fi ni. Gobe ka kai ni inda ka same shi." Kuma sai ta je. Ni takan kira ni maigida, irin wasan kaka da jika. "Maigida, yau mi ka kawo ma matarka? Ganyen sabara kuma? Mazan wasu suna kawo zane." Sai yara su fashe da dariya, ni kuwa in ɓoye fuska a cinyarta.

A lakwal mushe, wato malaminmu, yakan zana tsiro a allo, ya rubuta sunan saiwa da kara da ganye da Faransanci, mu yi ta maimaitawa. Ban taɓa gane wane tsiro ne yake zanawa ba. Na Inna kuwa duk na taɓa su, wasu har na tauna.

Sai an gama da kayan daji sannan tatsuniya take zuwa. Ta buga ɗan kara a dutsen murhu ta ce, "Bakuna waje." Mu ce mun fitar. Ta ce, "Kunnuwa ciki." Mu ce sun shigo. Ya kamata in faɗi wani abu a nan, don shi ne tushen abin da ya biyo baya. Mahaifiyar Inna 'yar bori ce, duk ƙauyen ya sani. Inna kanta ban taɓa ganin ta bar salla ba, amma tatsuniyoyinta ba sa rasa doguwa ko wata iska, kamar na kowace tsohuwa a Arewa.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Gawo da Akuya.

A farkon zamani, in ji Inna, Gawo da damina yake fitar da ganye kamar kowane ice. Uba ne mai yawan tsoro. Ya ga yadda tururuwa ke kwashe 'ya'yan gero, ya ga yadda ƙwari ke huda 'ya'yan wake, ya ce nasa ba mai taɓa su. Sai ya ɗinka wa kowane ɗa riga mai tauri kamar ƙahon sa, babu kafa ko ta allura. Tururuwa ta ciza, bakinta ya yi ciwo. Gara ta gwada ta bari. Gawo ya yi ta dariya. Da ruwa ya sauka, 'ya'yan gero suka sha suka tashi, 'ya'yan tafasa suka tashi, har ƙarangiya ta tashi. 'Ya'yan Gawo kuwa suna kwance cikin rigunansu, suna jin ruwa na bugun rigar daga waje, ba ya shiga. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Gawo ya tsufa, ya duba gabas ya duba yamma, babu ƙaramin gawo ko ɗaya.

A nan Inna takan rage murya, mu matso. Doguwar da ke zaune cikin rassansa ta gaji da kukansa, ta ce, "Kai Gawo, ka hana ni hutawa. Abin da ka yi da hannunka ba ni da maganinsa. Tahi wurin Akuya." Gawo ya ce Akuya ai abokiyar gabansa ce, ita ke tsayawa da ƙafa biyu tana cin ganyensa. Doguwa ta ce to ya zauna da rigunansa.

Da ya rasa yadda zai yi, ya kira Akuya. Akuya ta ce, "Da damina ba ni buƙatarka, ciyawa har wuya. Da rani nike mutuwa. Ka ba ni ganye da ɗiya da rani, in kwance musu riga." Shi ya sa Gawo ya juya shekararsa, yake tuɓe ganye in kowa na sawa, yake sawa in kowa ya tuɓe. Rani ya zo, ya zubo 'ya'yansa, Akuya ta hau ci. Ya ji ƙarar wasu suna fashewa a haƙoranta, ya yi kuka ya ce ta kashe masa ɗiya. Inna takan cika kumatu da iska ta yi muryar mai magana da abinci a baki. "Wasu na kashe. Waɗanda ka ɓoye hwa, wanne ya rayu?" Waɗanda ta haɗiye da rai, zafin cikinta ya tausasa rigarsu, ta zubar da su cikin kashinta, ruwan fari yana sauka suka tashi.

Na tuna Kulu ta tambaye ta ko gaskiya ne. Inna ta tura ice cikin wuta ta ce, "Doguwa ban gan ta ba, ba ni yi muku rantsuwa a kanta. Akuya kuwa ga ta can ɗaure. Kada ku yarda da ni. Ku je ku diba."

Kuma da bazara sai da ta sa muka duba. Ta tura mu turken awaki da sassafe, muka durƙusa muna tonon kashi da tsinke, muna tsince 'ya'yan gawo masu sheƙi. Wasu a wurin da awaki ke tuƙa muka same su, sun tofar. Sannan muka je gindin gawon gonarmu muka tsinto waɗanda ba abin da ya ci, muka fasa kwanson muka fid da ƙwayar. Kowane yaro ta ba shi kasko biyu, wato gindin tsofaffin tukwanen da suka fashe. Ɗaya na turke, ɗaya na gindin ice. Da yake ba ta iya rubutu ba, mu ma ba mu iya ba, sai ta yagi tsummoki daga tsofaffin zannuwanta, kowane yaro da launinsa, a ɗaura a tsinke a soka cikin kasko. Na turke a yi masa ƙulli biyu. Ta zuba toka ta kewaye kasaken saboda gara, ta ɗora ƙaya a kai saboda kaji. Nawa tsumman baƙi ne.

Kowace safiya mukan ɗiga ruwa da ludayi. Mako bai daɗe da cika ba na turke suka fasa ƙasa, na gindin ice kuwa shiru, sai ɗaya ko biyu can daga baya. Da tsiron ya kai ɗan yatsa, ta sa Kulu ta zazzage nata ɗaya a hankali don mu ga saiwa. Ta fi kan tsawo nesa, har ta fara naɗewa a gindin kasko. Inna ta ce, "Kun gani? Shi ruwan ƙasa yake nema tun yana jinjiri. In kunka bar shi nan ya lalace." Da ruwa ya sauka muka kai su gona muka dasa, muka kewaye su da ƙaya saboda awakin da suka haife su. Uku daga cikinsu suna nan tsaye a gonarmu har yau, kuma geron gindinsu ya fi na ko'ina.

Da na koma Dogondutsi na haɗu da samari 'yan kasuwa masu zaman karatu bayan asuba. A wurinsu na gyara sallata, na koyi karatun da ban samu ba ina yaro. Ina gode musu, kuma har yau ina cikinsu. Amma akwai abin da ke ci mini rai. In ana raha sukan ce mini jikan 'yan bori, in yi dariyar da ba ta kai zuci ba. Sai na zama na fi kowa zafi. Da na yi aure Allah ya ba ni Rakiya da Abdu, na hana su lakwal, na hana su wasan waje, na ce ni zan koyar da su a gida. Haruffa da surori nake koya musu da yamma in na rufe shago. Na gaya wa matata Balki ba na son jin tatsuniya a gidana.

Wata bazara Balki ta yi haihuwa mai wuya, ta kwanta. Ba yadda na iya, na kai yaran ƙauye gidan baffana Gado, inda Inna take zaune. Rakiya tana da shekara bakwai, Abdu biyar. Bayan kamar wata ɗaya na koma ɗauko su. Na tafi da abokai uku a kan babura, don samarin ƙauyen sun gina ƙaramin masallaci, sun roƙe mu mu zo mu yi musu nasiha. Ni aka ce zan yi magana bayan la'asar, karo na farko a rayuwata, kuma a garinmu. Na sa farar rigata.

Cikin abokan akwai Sabi'u, wanda ya fi mu karatu, haifaffen birni ne, bai taɓa riƙe hauya ba. Ya ɗauki buta ya zagaya bayan rumbu. Can sai ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam Mamman, zo ka ga abin da ake yi a gidanku."

Muka je gaba ɗaya, har da wasu samarin ƙauyen da suka biyo mu. Kasake shida ne a jere cikin inuwar rumbu. Biyu da jan tsumma, biyu da fari, biyu da baƙi. An kewaye su da toka, ga ƙaya a kai, ga kashin awaki a ciki. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ja da fari da baƙi ke nufi wurin masu yi wa iskoki yanka. Ban ga laifin Sabi'u ba da ya tsorata. Ni kuwa kallo ɗaya na yi na gane. Har ƙullin nan biyu na gani.

Da a ce na buɗe baki na ce 'ya'yan gawo ne, da an yi dariya an wuce. Amma idanu suna kaina, kuma na ji kamar wannan kalma ta jikan 'yan bori tana bakin kowa. Na yi tunanin in na kare ta za a ce jini ne ya motsa. Sai na ɗaga ƙafa na tattake na farko.

Rakiya ta taho da gudu ta riƙe mini riga. "Baba, jan nawa ne. Ya tsira, jiya ya tsira, duba ka gani." Na ture hannunta na bi sauran ɗaya bayan ɗaya har shida. Abdu bai yi kuka ba, ya tsaya da ludayinsa a hannu yana kallona. Baƙin tsumman na ɗan baffana ne, shi kuwa ya gudu ɗaki.

Inna ta fito tana dogara sanda. Idanunta sun riga sun yi rauni, sai da ta matso ta sunkuya ta ga abin da ya faru. Ban bari ta yi magana ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Inna, ki ji tsoron Allah. Kin tsufa cikin shirka, kada ki ja mini 'ya'ya wuta."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mamman, dibi ƙasa. Ka hwaɗa ma baƙinka mi ka taka."

Ban duba ba. Na juya na je masallaci na yi nasihata, kuma a kan shirka na yi ta. Aka yi ta jinjina mini, wani ya ce ga wanda bai bar ko kakarsa ba. Kafin magariba na ɗora yaran a babur muka tafi.

Damina biyu suka wuce. Ina aika mata sukari da sabulu, in na je gaisuwa takan amsa daga cikin ɗaki, "Lahiya lau, Malam. An gode, Malam." Maigida bai sake fitowa daga bakinta ba. Na lura babu yara a murhunta, na ce wa kaina ai zamani ne, yaran yanzu waya suke kallo. Kulu ta zo daga gidan mijinta ta tsaya a ƙofar shagona ta ce, "Baƙin tsumma wa aka ɗaura ma, Mamman? Ni ko kai?" Na ce mata ina da masu saye.

Wata rana na zagaya bayan ɗakin girki a gidana, na tarar da Rakiya a tsugune. Ta ɓoye wani abu a bayanta. Gwangwanin tumatir ne guda biyu cike da ƙasa, ɗaya da ɗan tsiro mai ganye ƙanana. A turken maƙwabta ta tsinto ƙwayar. Ta ce, "Baba, ban ɗaura tsumma ba. In babu tsumma halal ne?" Na ce ta je ta wanke hannu. Abin da na iya ce mata ke nan.

Bayan 'yan makonni Baffa Gado ya zo ranar kasuwa. Ya zauna a bencin shagona, na aika a kawo shayi ya ce a bari.

"Tsohuwa ta kira ni shekaranjiya," in ji shi. "Ta ce in ta mutu kada in tsaya jiran mutanen gari. In nemo ko mutum uku daga wani ƙauye su yi mata salla."

Na ce wace irin magana ce wannan.

"Samarin masallaci sun ce ba su sallatar wadda ta mutu cikin shirka. Su ne masu ƙarfin gina kabari yanzu, mu mun tsufa. Uwayen yara sun hana ɗiyansu zuwa wurinta. Na yi magana har na gaji, sun ce ba baƙo ne ya hwaɗi ba, jikanta ne da ta goya, kuma malami ne. Shaidarka sunka riƙe." Ya tashi ya kakkaɓe riga. "Ba ta cin abinci sosai. In kana da abin yi, ka yi shi yanzu."

Ranar ban sayar da komai ba. Ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar Gawo shi ne akuya tana da amfani. Da na zama uba na ga kaina a cikin Gawo, mai ɗinka wa 'ya'yansa riga har ruwa ya kasa shiga, kuma wannan ma gaskiya ne, na ga sakamakonsa a fuskar Rakiya. Amma abin da ya fi damuna shi ne maganar da Inna ta yi wa Kulu bayan tatsuniyar. Tsohuwar da ba ta san harafi ba ta raba mana abin da ta gani da abin da ba ta gani ba, ta ƙi rantsewa a kan doguwa ko don ta burge yara. Ni da nake zaman karatu kullum asuba, na tsaya gaban jama'a na ba da shaida a kan abin da idona ya san ƙarya ne. Kuma ba don Allah na yi ba. Don kada a yi mini dariya na yi.

Na je wurin Sabi'u na gaya masa komai, tun daga turken awaki. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Me ya hana ka faɗa mini a ranar? Ni tambaya na yi da na kira ka. Ka sa na je ina ba da labarinta a wurare, Mamman. Ka jawo ni cikin alhakin tsohuwa."

Na ce ina so ya raka ni ƙauye. Ya ce ko ban roƙa ba, zai je, amma ba zai yi magana a madadina ba.

Mun isa ranar Juma'a da hantsi. Na shiga ɗakin Inna ni kaɗai. Ta rame, hannunta kamar kara. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri a hankali, don kada na waje su ji. Ta bar ni na gama.

"Malam, ni cikin ɗaki ba ka yi mini komi ba," in ji ta. "Nan ɗakin kashinka kawai na kwashe, shi kuma na daɗe da yahe shi. Abin da ka yi mini waje ka yi shi. Can ka bar shi, can za ka same shi."

Bayan la'asar, da aka sallame, na miƙe a ƙofar ƙaramin masallacin na roƙi kada kowa ya tafi. Samarin suka zauna, wasu suna murmushi, sun ɗauka nasiha ce. Baffa Gado ya riƙo hannun Inna ya zaunar da ita a tabarma gindin darni, mata suka leƙo ta saman zana. Sabi'u yana gefe kansa a ƙasa. Ga abin da na ce, gwargwadon yadda na riƙe.

"Jama'a, a wurin nan na tsaya shekara biyu da suka wuce na yi muku magana a kan shirka, kuka gane da wa nake. Ƙarya na yi. Abin da na tattake a bayan rumbu 'ya'yan gawo ne da yara suka shuka. Tsumman alamar kowane yaro ne, don ba su iya rubuta sunansu ba. Tokar ta gara ce. Ba daga baya na gane ba, a lokacin na sani, don ni ma ta koya mini ina ƙarami, kuma gawon da kuke hutawa gindinsa a gonarmu daga irin kaskon nan ya fito. Kunyar baƙina ta sa na yi. Tun da na yi wayo ban ga tsohuwar nan ta yi yanka ga wanin Allah ba, ban ga rana ta faɗi ba ta yi salla ba. Duk wanda ya hana ɗansa zuwa wurinta, ko ya ce ba zai tsaya a kan gawarta ba, da maganata ya yi, alhakin yana wuyana. In akwai wanda ya cancanci a guje shi saboda ranar nan, ga shi tsaye gabanku."

Sannan na taka zuwa gindin darni, na cire takalma, na durƙusa a ƙasa ba a tabarmarta ba, na ɗaga murya yadda na ɗaga ta a wancan karon.

"Inna, ke kika goya ni, ni kuma na yi miki ƙazafi ina sane, na raba ki da yaran gari, na sa kina tsoron mutuwarki. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ki yafe mini don Allah. In ba ki iya ba yau, zan dawo gobe in sake faɗa a nan, gaban mutanen nan."